Igiyata a Hannun Maƙiyina

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya zuba ruwa inda ya so, ya hana inda ya so, ba mai tambayarsa dalili. Ku gyara zama, masu saurare, masu kunne a gaba, masu gyangyaɗi a baya. Ni ne Nomau ɗan Arzika, mahaƙin rijiya, jikan mahaƙan rijiya. Na taka ƙasashen da sunansu bai taɓa zuwa kunnenku ba, na ga abin da ido ya so ya manta zuciya ta ƙi. Yau labarin gulbin Mahaɗiya zan ba ku, da mutanen da ke zaune a bakinsa, da yadda aka ɗaura raina a igiya aka miƙa wa wanda ya fi kowa son ganin bayana.

Garinmu Faƙo sunansa, wanda ya raɗa masa sunan kuwa bai yi ƙarya ba. Wata shekara rijiyoyinmu suka shiga ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Muka haƙa har inda mai haƙa ke hango bakin rijiya kamar ƙwayar gero, ba mu samu ko danshi ba. Ana cikin haka wani matafiyi ya ce mana can gabas da gabas akwai birnin da tsofaffinsa ke kwantar da kunne a ƙasa su ji inda ruwa ke tafiya, kuma suna koya wa duk wanda ya isa gare su. Dattawa suka dubi juna, sannan suka dube ni, don ni ne tuzurun da ba wanda zai yi dogon kuka in bai dawo ba. Na saɓi sanda na rataya gora na fita.

Ba zan gajiyar da ku da hanya ba. Na ratsa wani daji da itatuwansa ke sunkuyowa su lashe gumin matafiyi har ya bushe ya zama kilishi. Na tsira ne don na shafe jikina da toka, itacen farko ya lasa ya tofar, ya gaya wa sauran. Na bi ta wani kwari inda duwatsu ke bin mutum da zarar ya ba su baya. Da baya-baya na ratsa shi, ina kallonsu suna kallona, har dugadugaina suka tsage. Duk wannan wasa ne. Ban san tsoro ba sai ranar da na hau wani tudu da hantsi na hangi ruwa.

Ku tuna ni mutumin Faƙo ne, ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne na cikin randa. To ga shi nan shimfiɗe, ba a ganin ɗaya gefen, baƙi wuluk kamar na marina, yana tafiya ba ƙara ko kaɗan. Ba tsuntsu a samansa, ba saniya a bakinsa. Nesa kaɗan da gaɓa wasu duwatsu masu kaifi sun fito a jere, ruwa na tsagewa a jikinsu. Ga gari kuma can a kan tudu, kowane gida ya juya wa gulbin baya. Mai hankali da ya tsaya ya yi tambaya, amma baƙo ko da ido makaho ne. Na sheƙa a guje na durƙusa a bakin gaɓa, na miƙa hannu biyu. Na ji wata mace tana ihu daga nesa, ban gane da ni take ba sai da ƙasar da nake durƙushe a kanta ta rabu da 'yar'uwarta. Ashe gulbin ta ƙasa yake cin gaɓarsa, ya bar ɓawon sama kamar tarko.

Abin da na sani bayan nan shi ne sanyi, da duhu, da kukan ƙaho can sama-sama. Ina sha ina nutsewa ina tasowa, sai na ji wani abu mai ƙarfi kusa da ni. Na kama shi hannu da ƙafa na haye. Na ji an cusa mini goran iyo a ƙirji, an tura ni da ƙarfi, wasu hannuwa suka cafke ni ta baya. Da na farfaɗo ina kan yashi ina amayar da ruwa, mutane sun cika wurin, amma ba mai kallona. Duk sun zuba ido ga wani ƙato mai manyan damatsa, yana janyo igiya daga ruwa da sauri, igiyar kuwa tana zuwa ba nauyi. Da bakinta ya iso hannunsa, a yanke yake. Ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya ɗago ya dube ni, kallon da har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Abin da na haye mutum ne, sunansa Bawa. Ƙaton nan kuwa wansa ne, Jatau maƙeri.

Wata tsohuwa mai ginin tukwane ta ɗauke ni zuwa gidanta. Tabawa sunanta, 'yar ƙarama ce, amma in ta yi tari gari kan yi shiru. A bakinta na ji cewa garin sunansa Tungar Ƙarangiya, duwatsun nan masu kaifi kuwa Haƙora ake ce musu. Waɗanda suka ciro ni su ne 'Yan Igiya. Ba bayin sarki ba ne, ba kuma mai biyansu. Mahauci ne da masaƙi da mai tukwane da manomi, kowa na kan sana'arsa, da an busa ƙaho sai ya yar da abin da ke hannunsa ya nufi gulbi. Ita ce shugabarsu, suna ce mata Uwar Igiya.

Na ce, "Inna, ni matafiyi ne. Mutanena na can suna mutuwa da ƙishirwa. Ki sa a fitar da ni ƙetare."

Ta ce, "Ɗan nan, a nan wanda aka ciro sai ya ciro. Ba jirgin da zai ɗauke ka sai ka shiga ruwan nan ka fito da wani, yadda aka fito da kai."

"Ni ko iyo ban iya ba."

"Wannan ai mun gani," ta ce, tana murza yumɓu. "Za ka koya. Abin da ya rage a samo wanda zai riƙe maka igiya. Wa ke ƙinka a garin nan?"

Na yi zaton ban ji daidai ba. Ta ajiye yumɓun ta yi mini bayani kamar mai yi wa wawa. Duk mai shiga ruwa ana ɗaura masa igiya a ƙugu, wani ya tsaya a tudu ya riƙe. Kakanninsu da suka fara abin, ɗan'uwa ke riƙe wa ɗan'uwa, aboki ga aboki, gulbi kuwa ya yi ta cin mutane. Masoyinka da ya ga kanka ya ɓace sai hankalinsa ya tashi ya ja. Ko dai ka fito hannu rabbana wanda ka je dominsa ya tafi, ko kuma ya ja lokacin da ruwa ya kwantar da igiya a kan Haƙora, su yanke ta, ku tafi ku biyu.

"Maƙiyinka fa?" ta ce. "Zai bar ka ka sha ruwa ka ƙoshi, ko a jikinsa. Idonsa na kan igiya, ba kan wahalarka ba. Kuma ba zai sake ka ba, don gari na kallon hannunsa. Wanda ya saki igiyar maƙiyinsa, a inda ya saka nan za a jefa shi."

Washegari aka tara 'Yan Igiya a gindin wata tsamiya. Tabawa ta tambaya ko akwai mai gaba da baƙo. Kowa ya juya ya dubi inda Jatau yake zaune. Wani mahauci mai tumbi, Mati, ya miƙe ya ce, "Inna, a duba dai. Gabarmu ta akuya ce da iyakar gona. Wannan kuwa jini ne, ko bakwai ba a yi ba."

Ta ce, "Kana da wanda ya fi shi ƙin baƙon? Kawo shi."

Mati ya zauna. Jatau ya taso a hankali, ya ɗauki sabuwar igiyar rama, ya zagaya ƙuguna da ita. Ya ja ƙullin har numfashina ya tsaya, ya sa bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Zan riƙe."

Aka shiga koya mini a wata ƙorama da ke zuba cikin Mahaɗiya. Na sha ruwan da zai ishi Faƙo damina guda. Mata masu wanki suka samu abin kallo, suna cewa ga ƙadangaren tudu na son zama kada. Tabawa tana zaune a kan turmi tana ba da umarni. Kada ka zo wa mai nutsewa ta gaba, zo masa ta baya. Kada ka ji tausayin kukansa, kama gashinsa ko wuyan rigarsa. In ya riga ka ya kama ka, kada ka yi kokawa da shi, yi ƙasa, shi sama yake so, da kansa zai sake ka. In ka kama naka, fizgi igiya. Amma ka sani fizgarka roƙo ce kawai, mai riƙo ke yanke hukunci, don shi ke ganin Haƙora, kai ba ka ganin komai.

Jatau bai taɓa fashi ba. Yakan rufe maƙerarsa ya zo ya tsaya, igiya a hannu. In na nutse na fizga, sai ya bar ni har idanuna su fara ganin wuta, sannan ya ja. Kullum kuma sai na ji kamar jiran yau ya fi na jiya.

Abin mamaki, garin ba na baƙin rai ba ne. Gaba a wurinsu kamar gona ce, nome ta ake yi kada ta mutu. Mati da wani masaƙi sun shekara ban san adadi ba suna rigima a kan wata akuya da jikokinta ma sun ƙare. In suka ga abin ya fara sanyi, sai Mati ya bi ta ƙofar masaƙin ya ce, "Ɓarawon akuya, an tashi lafiya?" Shi kuma ya amsa, "Lafiya lau, mai sayar da mushe." Kowa ya koma gida hankali kwance, don kowannensu ya yarda da hannun maƙiyinsa a kan igiya, ba ya so a canja masa. Ni kaɗai ne gabata ba ta buƙatar taki.

Wata rana na kasa daurewa, na je maƙera yi wa Jatau ta'aziyya. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Allah ya jiƙan Bawa, Allah ya ba ka haƙuri. Wallahi ban san mutum na kama ba."

Bai daina dukan ƙarfe ba. Can ya ce, "Wuyansa ka kama ko kafaɗa?"

Na ce, "Ban sani ba."

"Ni na sani. Ina tsaye ina kallo." Ya tsoma ƙarfen a ruwa ya yi cuu. "Tashi ka ba ni wuri, baƙo. Ni da kai sai a bakin gulbi."

Na fito na faɗa rumfar Mati. Yana fiɗar akuya, ya dube ni ya girgiza kai. Mati ba ya iya riƙe magana, shi ya sa nake zama wurinsa. Ya ce, "Ɗan Faƙo, ba wanda ya gaya maka ko? Ran da ka faɗa ruwa, mai riƙe wa Bawa yana kwance da zazzaɓi. Kafin Inna ta iso ta zaɓi wani, Jatau ya riga ya cafke igiyar ƙanensa. Da ya ga ka danne Bawa, ya ja. Duk muna ihu igiya na kan Haƙora, bai ji ba. Hannunsa ne ya yanke ta."

Na ce, "To ai ba ni kaɗai ba ne."

"Shi ya sa abin ya fi muni. Mutum ba ya iya shaƙe kansa, sai ya nemi wuyan wani." Ya rage murya. "Ka ga, ba zai sake ka ba, wannan ka kwantar da hankalinka. Amma tun da aka kafa Tunga ba a taɓa tuhumar mai riƙo don ya jinkirta ja ba. Jinkiri ai shi ake nema a wurinsa. In ya tsaya ya ƙara tsayawa, ya jawo gawarka da igiya lafiya lau, wa zai ce ya yi laifi?"

Na tashi ban ko yi masa sallama ba. Na tsorata ƙwarai. Na yi tunanin in sulale in koma yamma. To in koma in ce wa mutanen Faƙo me? Na zauna.

Damina ta kankama a can sama inda gulbin ke fitowa, Mahaɗiya ta fara kumbura. Ba ta ruri kamar sauran ruwaye, sai dai ka tashi da safe ka tarar itacen da ka jingina da shi jiya babu shi. Karnuka suka daina sauka gangare. Mata suka daina wanki. Ni kuwa ko zakara ya yi cara sai gabana ya faɗi, in zaci ƙaho ne.

Ranar kasuwa ce, rana tsaka, aka busa shi. Wani ɗan kokawa ne ya zo daga wata ƙasa, dogo kakkaura, layu har gwiwar hannu. Masu jirgi suka ce masa yau ba a fito, ba mai ƙetarewa, ya yi dariya ya ce bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba, balle ruwa ya kayar da shi. Ya tuɓe ya faɗa. Kafin mu iso gulbin ya riga ya juya shi ya nufi bayan Haƙora da shi, kansa na ɓacewa yana fitowa.

Tabawa ta dube ni ta ce, "Baƙo ne irinka. Naka ne."

Jatau yana tsaye a bayana, ban ma ji zuwansa ba. Ya ɗaura mini igiya, ya gwada ƙullin, ya tafi ya kafa ƙafa a gindin wani kututture. Na dubi fuskarsa ko zan karanci wani abu, ba komai a cikinta. Na rungumi gora, na yi salati, na shiga.

Ruwan ƙorama wasa yake da mutum, wannan kuwa kama ni ya yi kamar mai jiran bashi. Ya ɗauke ni ya wuce da ni ta wata tsaga tsakanin Haƙora, na ji dutse ya yage mini cinya. Na hangi ɗan kokawar, na zagaya zan zo masa ta baya yadda aka koya mini, sai ruwa ya juya shi muka yi ido huɗu. Idanun nan ba na mutum ba ne kuma. Ya damƙe wuyana da hannun da ya saba kayar da maza, ya naɗe ni da ƙafafu, ya haye kaina. Goran ya suɓuce ya tafi. A wannan lokacin na san abin da Bawa ya ji, kuma na san mutumin nan bai san mutum ya kama ba.

Duk jikina na cewa in yi sama. Na ƙi, na tattara ƙarfina na yi ƙasa da mu duka. Muka yi ta sauka cikin duhu, hannunsa na ƙara matsewa, har na fid da rai. Can sai na ji ya sake ni, ya fara hauragiya yana neman sama.

A nan ne na buɗe ido na ga abin da mutanen Tunga ba sa faɗa wa baƙo. Ƙasan Mahaɗiya ba duhu ba ne, wani haske ne kore-kore, kuma cike yake da mutane. Duk wanda ta taɓa haɗiyewa yana nan a tsaye a kan yashi, bai ruɓe ba, kifi bai taɓa shi ba. Mata da tulu, fatake da kaya, masunta da taru, sahu-sahu kamar masu jiran liman, ruwa na kaɗa tufafinsu. A bakin sahun akwai wani saurayi da guntuwar igiya a ƙugu. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma goshin Jatau ne da haɓar Jatau. Kusa da shi kuwa akwai wuri, daidai tsayuwar mutum ɗaya.

Na doki yashi da ƙafa na tashi. Na samu ɗan kokawar ya saki jiki, na cafki gashinsa ta baya, na fizgi igiya. Ba a ja ba. Kanmu ya fito sama na shaƙi iska rabi da ruwa, gulbi ya sake danna mu. Na sake fizga, na sake, na fizga kamar mai buga ƙofar gidan da ya san da mutum a ciki. Igiyar tana nan sako-sako, ba a saki ba, ba a ja ba. Na ce a raina, shi ke nan, Mati ya faɗa. Zuciyata ta ce in saki ƙaton nan ko na samu in taso, amma yatsuna sun riga sun ƙage a gashinsa. Ƙirjina ya kama wuta, hasken nan kore ya fara tasowa yana zuwa gare ni, na ji ƙafafuna suna miƙewa da kansu kamar masu shirin tsayuwa.

Sai igiya ta miƙe. Ta shiga ƙuguna kamar za ta raba ni biyu, ta fizge mu daga bakin gulbin, ban ƙara sanin inda nake ba.

Na farka a kan yashi, Mati na danna mini ciki yana kiran sunana. Ga ɗan kokawa can gefe yana amai yana kuka kamar jariri, layunsa sun tafi. Tabawa ta tsaya a kaina ta ce, "Ka ciro. Gobe jirgi zai fitar da kai." Ta juya ta tafi, ba yabo ba fallasa. Na nemi Jatau ban gan shi ba, sai igiyar a yashe, wajen da ya riƙe ya yi ja da jini.

Mati ya raka ni gida, bakinsa bai tsaya ba. Ya ce tun da na wuce tsagar nan igiyata ta kwanta a kan Haƙora, da an ja ko kaɗan da ta yanke. Jatau ya yi ta sakar mata tsawo tana cin tafinsa, yana jira ruwa ya ɗaga ta. Na ce to ashe gaskiya ya yi mini. Mati ya kau da kai. Da na matsa masa ya ce, "Ruwa ya ɗaga ta, kowa ya gani. Muka ce ja, Jatau, ja. Bai ja ba. Ya tsaya. Ba da yawa ba, amma ya tsaya."

Da safe na sauka mashigi. Gulbin ya ɗan lafa, masu jirgi na kwashe ruwa daga cikin jirginsu. Ina shirin shiga sai na ga Jatau zaune a kan wani dutse, hannuwansa biyu naɗe da tsumma. Na so in wuce, ƙafata ta ƙi. Na je na tsaya a gabansa.

Na ce, "An ce igiya ta sauka daga Haƙora, ka ƙara tsayawa."

Ya ce, "Na tsaya."

"Don me?"

"Ina so in ga ko zan iya."

Yana kallon ruwa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka kai ƙasa?"

"Na kai."

"Ka gan shi?"

"Na gan shi. A tsaye yake, a sahun gaba. Ba abin da ya taɓa fuskarsa."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka girgiza. Ƙato kamar wannan, ni kuwa na rasa inda zan sa idona, tausayinsa ya kama ni har na manta jiya ya kusa kashe ni. Na ce masa in na samo ilimin da na fito nema, dole ta nan zan biyo, zan tsaya in yi damina ɗaya tare da 'Yan Igiya, in ya yarda ya sake riƙe mini.

Ya ɗago da jajayen idanu ya ce, "Kada ka soma. In ka dawo, ka nemi wani mashigin. In kuwa dole sai nan, ka zagi wani a kasuwa, ka taka wa wani shuka, ka samo wa kanka maƙiyi na kirki."

Na ce, "Kai fa?"

Ya dubi hannuwansa da ke cikin tsumma. "Na je wurin Inna tun asuba na gaya mata. Hannuna ya lalace a kanka, Nomau. In ka sake shiga, da wuri zan ja."

Ran nan ne ya fara kiran sunana. Mai jirgi ya yi kira, na shiga, muka tura. Iyakar abin da na gani a bakin Mahaɗiya ke nan, abin da na manta Allah ya sani, abin da na faɗa kuwa ga tabon igiya a ƙuguna.